Yadda ake gano abin da ke damun inji bayan an canza masa bututun iska

Abin da samarinmu masu Corolla da Camry da Civic ke yayi yanzu a Aboabo da Asawase da Sabon Zongo a nan Kumasi shi ne cire akwatin iyakilina na kamfani, wato gidan filtar iska, a ɗaura bututun ƙarfe mai ƙyalli da filta mai siffar mazurari a bakinsa. Yawanci don ƙara ake yi, ka taka totur mota ta yi gurnani. Wasu kuma an faɗa musu zai ƙara ƙarfi ya rage shan mai. Ranar farko murna ake yi. Kafin mako ya zagayo sai mota ta fara kakkarwa a tsaye, allurar silo, mai nuna juyin inji in mota na tsaye, tana hawa tana sauka, in an taka sai ta fizga kafin ta ɗauka, wani lokaci ma ta mutu a tsakiyar shataletalen Suame, fitilar inji kuma ta kama a dashbod.

Abin da ke ba ni takaici shi ne abin da ke biyo baya. Mai mota ya shiga Magazine, unguwar makanikai ta Suame, a ce masa fulogi ne, ya saya. Ba ta daina ba, a ce kwail ne. Daga nan a wanke nozul, a canza famfon mai, har a kai ga cewa kwantirol bod ne ya lalace. Kuɗi na ta zuba, alhali mota lafiyarta ƙalau har ranar da aka taɓa hanyar iskarta. Don haka tun kafin ka buɗe bonet ka riƙe wannan: inda hannu ya taɓa, nan za a fara bincike, kuma ba za ka sayi ko ƙusa ba sai ka gama bin matakan da ke ƙasa.

Abu ɗaya ne kawai ba ya jira. Idan fitilar inji kunne take tsaye, kana iya lallaɓa motar zuwa gida ko gareji. Idan kuwa ƙyaftawa take yi, wani silinda ne ba ya ƙona mai, ɗanyen fetur na wucewa cikin salansa yana dafa katalis, matatar hayaƙin da ke cikinta. Ka faka, ka kashe.

Me ya haɗa bututu da kakkarwar inji?

Injin fetur yana son iska da mai a kan ma'auni, kusan giram 14.7 na iska a kan giram 1 na fetur. Kwamfutar mota ba ta ganin iskar da idonta. Akwai sansa a kan bututun, tsakanin filta da bakin totur, wadda makanikai ke kira eyafulo. A cikinta akwai 'yar siririyar waya da ake zafafawa da wuta. Iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, kuma daga yawan wutar da ake bukata don riƙe zafinta ne kwamfuta ke sanin nauyin iskar da ta shiga, sannan ta ba nozul umarnin yawan man da za su fesa. Can a salansa kuma akwai sansar oksijin da ke duba hayaƙi ta kawo rahoto, ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan, kwamfuta ta gyara.

Ka ɗauke ta kamar mai rabon abinci a gidan suna da ke ƙirga baƙi a ƙofa ta zuba kwanuka daidai da su. Duk wanda ya shigo ta bayan gida bai shiga lissafi ba, abinci kuma ba zai isa ba. Kusan duk matsalar da sabon bututu ke kawowa daga nan take: ko dai iska tana shiga ta bayan sansa, ko sansar tana ƙirga ba daidai ba.

Mataki na farko: ido da hannu, inji a kashe

Ka bar inji ya huce, ka zare makulli, ka buɗe bonet a wuri mai haske. Fara da soket ɗin sansa. Ka cire shi ka duba ƙusoshin ciki ko ɗaya ta lanƙwashe, ka mayar har sai ka ji ya yi ƙas. Ka bi wayar da yatsa. Sabon bututu yakan kai sansa nesa da inda take a da, sai a ja waya ta miƙe tamau, inji na girgiza tana cirewa tana haɗawa. A Corolla ta 2003 zuwa 2008 soket ɗin waya biyar gare shi, domin sansar zafin iska ma a jikin eyafulo take. A wasu motocin kuwa sansar zafin daban take, kuma sau da yawa za ka tarar da ita tana lilo a gefe, ko ma an tafi da ita a jikin tsohon akwati.

Sai ka duba fuskar sansar. Yawancinsu akwai kibiya a jikinsu ko a jikin gidansu, kuma dole ta nuna wajen inji. Yaro mai sauri yakan juya ta baya ga gaba, noti biyun kuma su shiga lafiya lau, babu abin da zai nuna masa ya yi kuskure. Ka ciro ta ka tabbatar zoben robar da ke wuyanta yana nan bai tsinke ba. Bututun kasuwa da yawa ramin sansarsu bai yi daidai da ita ba, sai ka ga an cike gefe da gam ko salatif. Wannan ƙofar iska ce a buɗe.

Yanzu ka kama kowace mahaɗa ka murɗa da ƙarfi. Robar da ta haɗa bututu da bakin totur ta fi kowacce muhimmanci. Idan ta juya a hannunka, kilif ɗin bai ɗauru ba. Ka sa hannu ta ƙasa ka shafa, domin a nan ne roba ke naɗewa ta bar rata, daga sama kuma ka ga kamar komai daidai. Kilif ya zauna a bayan tudun da ke bakin ƙarfe, kada ya hau kansa. Kuma kada a ɗaure shi har ya yanka robar.

Inda na fi so ka daɗe shi ne ƙananan tiyo. Ka ɗauko tsohon bututun kamfani, in yana nan, ka ƙirga bakunan da ke jikinsa. Duk baki ɗaya yana da tiyon da ke shiga cikinsa, kuma kowane tiyo dole ya samu gurbi a sabon bututu, a bayan sansa kamar yadda yake a da. Wanda aka fi yi wa sakaci shi ne tiyon numfashi da ke fitowa daga murfin saman inji. Bututun kasuwa da yawa ba su da bakinsa, sai a bar shi a buɗe, ko a sa masa wata 'yar ƙaramar filta mai launi don ado. Mutane na ganin ba komai, tunda ai ba a jikin bututu ramin yake ba. To akwai komai. Inji yana zuƙar iska ta wannan tiyon, ta ratsa cikinsa, ta fito ta bawul ɗin numfashi ta faɗa manifol, wato gidan da ke raba wa silindoji iska, ba tare da ta bi ta kan sansa ba. A silo, lokacin da iskar da inji ke sha 'yar kaɗan ce, wannan ɓarauniyar hanya kaɗai ta isa ta sa mota kakkarwa. Kuma kada a ce za a toshe tiyon da ƙusa a huta. Iskar da ta taru cikin inji za ta nemi mafita ta gaskit, baƙin mai ya fara tsiyaya. Gyaran shi ne a kai bututun wajen mai walda ya fitar masa da baki, a mayar da tiyon mazauninsa.

Kafin ka rufe wannan mataki ka duba tiyoyin da ke maƙwabtaka, waɗanda gwiwar hannu ke iya turewa wajen aiki: na bawul ɗin tururin tanki, da babban tiyon da ke zuwa tukunyar burki. Idan tun ranar da aka sa bututu burki ya yi tauri kuma kana jin huci in ka taka, to wannan ne, kuma ba a hawa titi da shi.

Mataki na biyu: ka bar kwamfuta ta yi magana

Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da motocin fetur na Turai daga 2001, suna da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari. Tunda yawancin motocinmu daga can suke zuwa ta tashar jirgin ruwa ta Tema, da wuya taka ta rasa shi. Kana iya zuwa wajen mai wayarin ya jona na'urarsa, ko ka sayi ƙaramar nan ELM327 da ke haɗuwa da wayar hannu ta manhaja irin Torque. Ka rubuta lambobin da suka fito a takarda kafin kowa ya goge su. Ina roƙonka ka tsaya a kan wannan, domin wasu da sun jona sai su goge, fitila ta mutu, mai mota ya biya ya tafi, gobe ta dawo.

P0171 na nufin iska ta rinjayi mai, kuma ita ce lambar da aka fi gani bayan canza bututu. A injin V6 takan zo tare da P0174. P0172 akasin haka ce, mai ya yi yawa. P0101 na cewa lissafin eyafulo bai yi daidai da abin da ya kamata ba. P0102 da P0113 in suka fito tare a Toyota, kusan kullum soket ne bai shiga ba, ko an kunna makulli lokacin da yake cire. P0300 zuwa P0304 na nuna silinda na tsallake wuta. A nan ne ake yaudarar mutane su sayi fulogi da kwail, alhali ƙarancin mai shi kansa yana hana silinda kamawa. Idan P0300 ta zo tare da P0171, ka bi P0171 tukuna.

Lambobin sun nuna unguwa ne kawai. Abin da zai kai ka ƙofar gida shi ne layi biyu a allon na'urar, STFT da LTFT. Su ne ke nuna kashi nawa cikin 100 kwamfuta ke ƙara mai ko ragewa don ta gyara kuskuren lissafi, na farko na yanzu-yanzu, na biyu wanda ta riga ta haddace. Ka bar inji ya yi zafi sosai, ka kashe AC da fitilu, ka haɗa lambobin biyu. Inji mai lafiya yana zama kusa da sifili, sama ko ƙasa da 5. Har 10 ana iya haƙuri. Daga 15 zuwa sama akwai magana.

Sai gwajin da na fi yarda da shi. Ka karanta jimillar a silo, sannan ka riƙe totur a 2500 kamar rabin minti ka sake karantawa. Idan a silo ta kai 18 ko 20, amma a 2500 ta sauko kusa da 5, iska ce ke shiga ta rata. Dalili kuwa shi ne ramin bai canza girma ba, amma da inji ya buɗe baki iskar da ke bin hanyar gaskiya ta ninka, ta ratar ta zama ba a bakin komai ba. Idan kuma a silo lafiya lau, amma kana ƙara totur lambar na ƙara hawa, to sansar ce ke ƙirga ƙasa da gaskiya, ko don datti ko don faɗin bututu. Idan ta yi sama a ko'ina kusan daidai wa daida, ka fi zargin faɗin bututun.

Ka kuma duba layin MAF, wanda ke nuna giram nawa na iska ke shiga a daƙiƙa. Ƙiyasin da makanikai ke aiki da shi shi ne, a silo, inji da zafi, lambar takan yi kusa da litar injin. Mai lita 1.8 wajen giram 2, mai lita 2.4 wajen 2 da rabi zuwa 3. Ƙiyasi ne, ba doka ba, amma in ka ga ta faɗi ƙasa sosai ko tana tsalle-tsalle alhali ƙafarka ba ta kan totur, ka samu bakin zare.

Mataki na uku: farautar rata

In alamu sun nuna rata kuma ido bai gan ta ba, ka tada inji ka kasa kunne. Ka ɗauki guntun tiyo, baki ɗaya a kunnenka, ɗayan kana bin mahaɗu da shi, kana kiyaye fanka da bel. Za ka ji huci siriri a inda take. Ko ka zuba ruwa a gorar feshi ka riƙa fesa wa mahaɗa ɗaya bayan ɗaya. Inda ruwan ya toshe rata na ɗan lokaci, muryar inji za ta canza. A gareji an fi yin wannan da feshin wanke kafireto ko ma fetur. Yana aiki, amma kusa da salansa mai zafi da kwail mai tartsatsi ake yinsa, kuma ni ba na ba kowa shawarar ya yi shi a ƙofar gida. In ka samu gareji mai na'urar hayaƙi, ita ta fi duka: a cusa hayaƙi cikin bututu inji a kashe, duk inda ya ɓullo nan ne.

Mataki na huɗu: wanke sansa

Filtocin auduga irin na K&N da masu kwaikwayonsa da mai ake jiƙa su, jan mai, shi ne ke kama ƙura. Idan man ya yi yawa, musamman bayan an wanke filta an sake shafawa da hannu sake, iska na ɗaukarsa ta shafa wa wayar sansa. Ƙurar Kumasi ta zo ta manne a kai. Wayar da ta yi riga ba ta jin sanyin iska yadda ya kamata, sai ta riƙa ba da rahoton ƙasa da gaskiya. Ka cire filta ka shafa farin ƙyalle a cikin bututu. In ya fito da maiƙo ja-ja, ka san inda aka kwana. Na taɓa ganin inda aka jiƙa filta da baƙin man inji. Wannan kam a jefar da ita kawai.

Ga yadda ake wankin. Makulli a waje, ka cire soket, ka kwance noti biyun, ka zaro sansar a hankali. A irin ta Denso da ke cikin Toyota, za ka ga wani ɗan ƙwallo mai launin zuma a waje, kamar kan ashana. Wannan na zafin iska ne, kuma shi kaɗai yawancin yara ke wankewa su ce sun gama. Ka ɗaga sansar ka leƙa cikin ramin da tocila. Can ciki za ka hango 'yan wayoyi biyu ƙanana, su ne masu aikin. Masu tsabta suna ƙyalli, masu datti sun yi baƙi kamar an yi musu gashi. Ka fesa musu feshin da aka yi musamman don eyafulo, irin na CRC, daga ɗan nesa, sau goma zuwa sha biyar. Kada ka taɓa su da auduga ko tsinke ko buroshi. Kada a hura musu iskar kwamfaresa. Ban da fetur, ban da WD-40, ban da feshin kafireto. Ka ajiye ta a inuwa ta bushe sarai, minti 15 ko fiye, sannan ka mayar. Filtar ma ka naɗe ta da takarda ta tsotse rarar man kafin ka ɗaura, in ba haka ba bayan mako biyu kana nan inda kake.

Akwai wata dabara da ake yi a Magazine da ya kamata ka fahimta. Masta zai ce wa yaro, "Cire eyafulo mu gani." Yaro ya cire soket, inji ya daidaita, sai a juyo a ce, "Alhaji, ka gani da idonka, sansa ta mutu." Ba lallai ba ne. Idan aka cire soket, kwamfuta na komawa kan wani lissafin ko-ta-kwana da ke cikinta, mai yalwar mai, shi ya sa inji ke lafawa. Abin da gwajin ya tabbatar shi ne lissafin iska ba daidai yake ba. Bai ce sansar ce mai laifi ba, domin rata da faɗin bututu ma haka za su nuna. In har ta kai ga saye, ta asali ta hannu, hom-yus mai lamba ɗaya da taka, ta fi sabuwa marar suna a kwali mai kyau. Kuma kada ka bar tsohuwar a gareji.

Mataki na biyar: faɗin bututu da mazaunin sansa

Nan ne matsalar da sukundireba ba ta gyarawa. Sansa ba ta auna duk iskar da ke cikin bututu. 'Yar kaɗan take ɗanɗanawa, kwamfuta ta lissafa sauran bisa faɗin da kamfani ya rubuta mata. Idan aka ɗauke ta aka sa a bututu mai faɗi, iska ɗaya za ta wuce a hankali, sansa ta ce kaɗan ce ta shiga. Kuma bambancin ba ƙarami ba ne, domin faɗin rami ninkawa yake yi. A ce na kamfani milimita 65 ne a ciki, aka sa na 70, sararin ya ƙaru da kusan kashi 16 cikin 100. In aka sa mai inci 3, wato milimita 76, wanda shi ya fi yawa a kasuwa, ƙarin ya kai wajen kashi 37. Kwamfuta na iya cike giɓi, amma tana da iyaka, kuma wannan ya kai bakin iyakar ko ya wuce.

Ka auna cikin tsohon gidan sansa da na sabon, daidai wurin da take zama. In sun bambanta da fiye da milimita biyu ko uku, kada ka wahalar da kanka da wanki da ɗaure kilif. Mafita uku ce. Mai dalma ko mai injin sassaƙa ƙarfe ya yi maka zobe a cikin bututun ya dawo da faɗin asali. Ko a sake rubuta lissafin kwamfuta, aikin da ke bukatar gwani na gaske da kayan aiki, kuma ban ga dalilin yinsa a motar zuwa kasuwa da kai yara makaranta ba. Ko a nemi bututun da aka ƙera musamman don irin motarka da injinka. Duk wanda mai shago ya ce maka "yana shiga kowace mota", to ba a auna shi da taka ba.

Mazauni ma na da tasiri. Sansa na son iska mai tafiya a miƙe. Shi ya sa kamfani ke ba ta wuri madaidaici, wasu motocin har da raga a gabanta. In aka manna ta a bakin filta ko a kan kwana, iska na zuwa mata a hargitse, silo ya riƙa hawa da sauka. Ga wata alama da za ka lura da ita: inji na tafiya lafiya, da zarar fankar lagireto ta tashi sai ya yi kamar zai mutu. Iskar fanka ce ke bugun filtar da ke tsirara. Ka tare tsakaninsu da kwali na ɗan lokaci ka gani. In ya daidaita, a yi maka katangar falange a wurin.

Mataki na shida: in an cire batir

Masu sa bututu da yawa sukan cire kan batir, kuma hakan na goge abin da kwamfuta ta haddace game da silo. A motar da ta yi shekaru, bakin totur ya tara baƙin datti, kwamfuta ta saba buɗe shi kaɗan fiye da ƙa'ida don ta rama. Da ta manta, sai silo ya faɗi, mota ta riƙa mutuwa a kan tsayawa. Ka goge bakin totur da ƙyalle da feshinsa, makulli a waje, ba tare da ka banƙare faifan da ƙarfi ba in na lantarki ne. Sannan ka tada inji ya yi zafi har fanka ta tashi, ka bar shi a silo kamar minti 10, babu AC, babu fitila, babu taɓa totur. Toyota da Honda galibi haka ya ishe su, sauran kuma su ƙarasa koyo cikin tuƙin kwana biyu ko uku. Nissan da yawa suna da nasu tsarin koyar da silo, gara a yi shi da na'ura. Bayan kowane gyara na sama ma, a goge lambobi da tsohuwar haddar mai, a yi tuƙi, a sake karanta STFT da LTFT.

Wasu motocin ba su da eyafulo sam, kamar Civic ta 2001 zuwa 2005 da ƙananan Hyundai da Kia da yawa. Sansarsu a jikin manifol take, matsin iska take aunawa. Su faɗin bututu bai dame su ba. In irinsu ta fara gargada bayan canji, ka duba sansar zafin iska, da tiyon da aka ture, da maganar batir.

Mataki na ƙarshe: mayar da na kamfani

In ka bi duk wannan ba ta daidaita ba, ka mayar da akwatin asali da bututunsa da sabuwar filtar takarda, ka goge lambobi, ka yi tuƙin kwana biyu. Aikin rabin sa'a ne, kuma shi ke raba gardama. Shi ya sa nake cewa kada ka yarda a riƙe maka tsohon akwati a gareji ko ka sayar wa 'yan gwangwan. In ta warke, bututun ne. In ba ta warke ba, yanzu ne lokacin duba fulogi da kwail da ƙarfin famfon mai ya yi. A Corolla mai injin 1ZZ ka tuna da gaskit ɗin manifol, wanda ya shahara da taurarewa ya riƙa shigar da iska, musamman da safe kafin inji ya yi zafi, ya kuma kawo P0171 ɗin nan dai.

Ko da mota ta daidaita da sabon bututun, akwai abubuwa uku na garin nan da za ka auna. Filtar da ke zaune tsirara cikin bonet iskar da ta gasu a jikin inji take sha. Ka tsaya a cunkoson Kejetia ko Anloga a watan Maris ka duba layin IAT, mai nuna zafin iskar da inji ke sha, a na'ura, za ka ga ya haura digiri 60. Iska mai zafi ba ta da nauyi, kwamfuta kuma na ja da wuta baya don kare inji, sai mota ta yi nauyin tashi fiye da da. Akwatin kamfani kuwa daga gaban mota yake jan iska. Na biyu ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, da kuma duk wanda ke bin jan titin ƙauye, filtar mazurari mai arha ba ta tare ƙura kamar ta takarda. Bayan wata ɗaya ka cire ta ka shafa yatsa a cikin bututu. In ka ji gari-gari, wannan garin yana shiga silinda yana cin ringi, kuma ni a wurina wannan kaɗai ya isa dalilin mayar da akwati a motar da ake nema da ita kullum.

Na uku ruwa, ga masu dogon bututun da ke sauka bayan bamba kusa da taya. Damina biyu gare mu a Kumasi, kuma wanda ke zaune kusa da rafin Aboabo ya san yadda titi ke cika cikin sa'a guda. Filta in ta nutse, inji ruwa zai zuƙa, ruwa kuwa ba ya matsuwa, sai sandar fistin ta lanƙwashe. Idan mota ta mutu maka cikin ruwa, kada ka sake murɗa makulli ko sau ɗaya. A tura ta waje, a cire filta da bututu a zubar da ruwan, a kwance fulogi duka, a cire fis ɗin famfon mai, sannan a juya inji ya tofar da abin da ya sha ta ramukan fulogin. A duba sandar gwajin baƙin mai. In man ya koma kalar shayi da madara, a juye shi a canza filtarsa kafin a tada motar.